Ba Kowane Zazzaɓi Ne Maleriya Ba: Yadda Annoba Ke Shigowa Kafin A San Sunanta

Bayan sallar magariba, kemis ɗin unguwa a Kano, Bauchi ko Gusau yakan koma ƙaramin asibiti. Magidanci ya tsaya da ragowar kuɗin cefane, ya ce mai ɗakinsa ce jiki ya yi zafi tun shekaranjiya, ga ciwon kai, ga kasala, abinci ba ya shiga. Mai kemis bai ga majinyaciyar ba, amma hukunci ya riga ya fito: maleriya da taifot. A ƙulla ƙwayoyi a leda, in da hali a haɗa da allura da ƙarin ruwa, a yi fatan Allah ya sawwaƙe.

Sau tari kuma ana samun sauƙi. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka duk wanda ya canki maleriya zai dace fiye da ya kuskure. A nan haɗarin yake. Cankar da ke yawan dacewa takan sa a daina tambaya, kuma da yawa daga cikin annobar da suka yi mana ɓarna a shekarun nan ta wannan ƙofa suka shigo.

Ciwo da yawa, kama ɗaya

A kwanakin farko, zazzaɓin Lassa, sanƙarau, shawara, Ebola, korona da taifot duk kamarsu ɗaya: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, amai. Ko ƙwararren likita ba zai rantse da ido kawai ba. Alamomin da ke bambanta su, kamar zubar jini, sandarewar wuya ko rawayar ido, sai ciwo ya yi nisa suke bayyana, wani lokaci ma ba sa bayyana sam.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin ba wuya: ɗigon jini daga ɗan yatsa, minti goma sha biyar zuwa ashirin, sakamako ya fito. Sai dai yana da iyaka. A yankin da sauro ya yi katutu, mutum na iya yawo da ƙwayar maleriya a jininsa alhali abin da ya kwantar da shi daban ne. Gwaji ya nuna maleriya, kowa ya saki jiki, ainihin ciwon yana ci.

Batun taifot ya fi muni. Gwajin da ake yi a yawancin ƙananan ɗakunan gwaje-gwaje, wato Widal, wani likitan Faransa ne ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jiki ya taɓa mayarwa yake aunawa, shi ya sa yakan nuna taifot a jikin wanda ya warke tuntuni, ko mai wani zazzaɓin daban. Sahihiyar hanya ita ce a shuka jini a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma asibitocin da ke iya wannan ba su da yawa. Sakamakon haka mutane na ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, ƙwayoyin kuma na ƙara koyon bijire wa magani.

Daga Lassa zuwa Jos, daga Bauchi zuwa Kano

A Janairun 1969, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kwanta ciwo a asibitin mishan na garin Lassa, a kudancin jihar Borno ta yau. An gwada maganin zazzaɓin da aka saba, bai ji ba. Aka ɗauke ta zuwa Jos, can ta mutu. Ma'aikaciyar da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma a jami'ar Yale aka gano ashe sabuwar ƙwayar cuta ce. Shekara guda bayan nan cutar ta sake ɓulla a Jos, ta kashe Dokta Jeanette Troup wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawa.

Mai ɗauke da cutar wani ɓera ne mai nonuwa da yawa da ke zarya tsakanin gona da gida. Shi ba ta kashe shi, amma yana zubar da ita a fitsari da kashi, a kan hatsin da aka shanya a bakin titi, a rumbu, a kwanon da aka bari buɗe. Idan rani ya shiga aka ƙone daji, sai ya yo cikin gari. Shi ya sa cutar ke tashi daga Disamba zuwa Afrilu, musamman a Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi.

Kusan mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Na biyar ɗin ne abin tsoro. A cikin waɗanda gwaji ya tabbatar a Nijeriya, kusan ɗaya cikin biyar ko shida ke rasuwa, mai juna biyu kuwa da wuya cikin ya tsira, wasu daga waɗanda suka warke kuma su tashi da kurumta.

Shekara hamsin bayan abin da ya faru a Jos, labarin ya maimaita kansa. A farkon 2020 aka tabbatar da mutuwar likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan sun yi aiki a kan wata mai juna biyu da ta dawo daga Bauchi. Ba a san Lassa ce ba sai da masu jinyar suka fara faɗuwa. Wannan shi ne abin takaicin cutar: sau da yawa mutuwar likita ko nas ce ke zama gwajin da ya tona ta.

Doguwar tafiyar kwalbar jini

Mutane kan zaci gwajin annoba na'ura ce kawai. Na'urar ita ce ƙarshen zance. Kafin ita akwai matakai, kuma kowanne na iya tsinkewa.

Sai ma'aikacin ƙaramin asibiti ya fara zargi. Sai ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 774 tana da shi, aƙalla a takarda. Sai jami'in ya samu man babur. Sai a samu safar hannu da rigar kariya a ɗebi jini, a saka shi cikin mazubi uku ɗaya cikin ɗaya, a jera ƙanƙara, a cike takarda, a miƙa wa mai ɗauka. Sannan a kama hanya, wata sa'a ta ratsa dajin da 'yan bindiga ke tare mutane.

Kuma ba kowane samfuri ake wa riƙo ɗaya ba. Jinin Lassa sanyi yake so. Ruwan ƙashin baya da ake zuƙa don gwajin sanƙarau kuwa, in za a shuka shi, sanyi kashe ƙwayar yake yi. Ko dai ya isa ɗakin gwaji cikin kamar awa guda, ko a zuba shi a wata kwalba ta musamman da ke raya ƙwayar a hanya. Ma'aikacin da bai san wannan bambanci ba, ko ya sani amma ba shi da kwalbar, wahalarsa ta tashi a banza.

A ɗakin gwaji, na'urar PCR tana kwafar ɗan guntun ƙwayar halittar cutar sau miliyoyi har a iya ganinsa. Aikin awoyi ne, in akwai wuta da sinadarai. Shekaru da dama asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo ne kusan madogarar ƙasar nan a gwajin Lassa. Yanzu an samu ƙari, ciki har da babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja, da wasu a Owo, Abakaliki, Legas da Bauchi. An ci gaba, ba shakka. Amma maganin da ake amfani da shi, ribavirin, an fi sa ran amfaninsa in an fara cikin kwana shida na farko, har ma wasu masana na tababar ƙarfinsa. Majinyacin da ya kwashe mako yana shan maganin taifot a gida ya cinye wannan dama tun kafin a ɗebi jininsa.

Sanƙarau: yaƙin da aka shirya wa wani abokin gaba

Dattawan arewa ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum dubu ɗari a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu goma sha ɗaya. Nau'in A ne ke wannan ɓarna. Daga 2010 aka fara ba da sabuwar allurar rigakafinsa a ƙasashen Sahel, ta iso Nijeriya a 2011, kuma ta yi aiki har aka kusa shafe shi.

Sai nau'in C ya taso daga yankin Sakkwato da Kebbi tun 2013, ya afka wa Yamai a 2015. A ƙarshen 2016 yara suka fara mutuwa a Zamfara, amma labari bai kai ga hukumomin tarayya yadda ya kamata ba sai wajen Fabrairun 2017. Kafin a shawo kansa an ƙirga wajen mutum dubu goma sha huɗu, sama da dubu sun rasu. A tsakiyar abin ne gwamnan jihar na lokacin ya danganta annobar da zunuban jama'a, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce har Sarkin Kano na lokacin ya fito ya soke ta.

Ga inda gwaji ya zama rai da mutuwa. Allurar da ke hannu ta nau'in A ce, ba ta kare mutum daga C. Don a samu ta C daga rumbun ajiya na duniya, dole a nuna shaidar ɗakin gwaji cewa nau'in ke nan. Samfuran da aka ɗiba kaɗan ne, waɗanda suka isa da kyau sun fi kaɗan. Kowane mako da aka ɓata wajen tabbatarwa, mako ne da allura ba ta taso ba. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da ta haɗa nau'i biyar, abin da zai rage wannan caca.

Ranar da aka yi daidai

A ranar 20 ga Yulin 2014 wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas a galabaice. Da maleriya aka fara, kamar kullum. Da ciwo ya ƙi ji, Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola, cutar da ba ta taɓa gani ba. An matsa mata ta sallame shi ya wuce taro a Kalaba, ta ƙi. Aka gwada jininsa a cikin gida, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da kuma cibiyar Farfesa Christian Happi ta Jami'ar Redeemer's, aka tabbatar cikin 'yan kwanaki.

Daga nan aka ɗauko tsarin da aka gina don yaƙi da shan inna, da ma'aikatan da suka saba bin gida-gida, aka bibiyi kusan mutum 900. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, har da ita Adadevoh. A 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta.

Ana yawan ba da wannan labari da alfahari, kuma ya cancanta. Amma a faɗi gaskiya, akwai sa'a a ciki. Mutumin ta filin jirgi ya shigo, ya faɗa hannun gogaggiyar likita, a garin da ke da ɗakin gwaji. Da a ce a motar haya ya tsallako ta wata iyakar ƙasa ya kwanta a ƙauye, wa zai yi zargin? Bayan wannan ne aka ƙarfafa hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa, wato NCDC, wadda aka kafa a 2011 amma ba ta samu dokar kanta ba sai a Nuwamban 2018.

Masu haƙar kabari ne suka fara gani

A Afrilun 2020, ba asibiti ne ya fara sanar da Kanawa cewa wani abu na faruwa ba. Masu aikin maƙabarta ne suka ce gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙima, galibi dattawa. Farfesoshi, malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, kullum sai sanarwar jana'iza. A daidai lokacin ne kuma ɗakin gwajin korona ɗaya tilo da jihar ke da shi ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rufe ƙofa.

Gwamnatin jiha ta fara danganta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da maleriya. Ba wanda zai iya ƙaryata ta da hujja, ita ma ba ta da hujjar, tunda bisa koyarwar addini ana gaggauta binne mamaci, ba a kuma ɗauki samfuri ba. Dole aka koma bin iyalai ana tambayarsu yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace kusan dubu a ƙananan hukumomin birni, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye suna da nasaba da korona.

A ganina darasin nan bai shiga ba. Har yau yawancin mace-mace ba a rajistarsu, balle a rubuta sanadi. Da kowace babbar maƙabarta tana da littafin da ake duba adadinsa duk mako, da liman, mai unguwa da ungozoma suna da lambar da za su kira in sun ga yara uku sun mutu da ciwo iri ɗaya a layi ɗaya, da an samu ƙararrawar da ba ta kai kuɗin na'ura guda ba. Irin wannan lura ce ta tona gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010, bayan an ɗauka maleriya ko sanƙarau ke kashe ɗaruruwan yara.

Kowa da hujjarsa

Mai kemis zai ce maka shi ne likitan talaka: asibiti nisa, layi tsawo, kuma wanda ya zo da kuɗin magani kaɗai ba zai yarda ya kashe su a gwaji ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti zai ce an koya masa alamomin Lassa a taron bita, amma safar hannu ma majinyaci ake rubuta wa ya sayo. Likitoci na kukan cewa abokan aikinsu sun tafi Saudiyya da Ingila, mutum ɗaya na duba abin da ya fi ƙarfin biyar, ina zai samu natsuwar tambayar majinyaci inda ya je makon jiya? Hukumomin tarayya kuwa na nuni da cewa lafiya a matakin farko haƙƙin jihohi da ƙananan hukumomi ne, su gwaji da shawara kawai za su iya.

Sai kuma tsoro. Wanda aka ce za a killace shi yana tunanin wa zai ciyar da iyalinsa, da yadda unguwa za ta dube shi, da ko za a hana a yi masa wanka da sutura in ta Allah ta kasance. Rashin yardar ma ba daga sama ta faɗo ba. A annobar 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a shekaru. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙauracewar allurar shan inna a 2003. Duk mai son uba ya bari a soka wa ɗansa allura a gadon baya don ɗibar ruwa, sai ya zauna ya yi masa bayani cikin Hausa, ya kuma dawo masa da sakamako. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa.

Tsohon ciwo, sabuwar barazana

Ba dole barazana ta zama sabuwa fil ba. Mashaƙo ciwo ne da allurar jarirai ke hanawa, har likitoci matasa da yawa ba su taɓa ganinsa ba sai a littafi. Daga Disambar 2022 ya dawo, Kano ce cibiyarsa, ya bazu Yobe, Katsina, Borno da Bauchi, ya kuma bayyana a yankin Damagaram. Dubun-dubata aka yi zargin sun kamu, sama da dubu suka rasu, akasari yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Ciwon maƙogwaro a wurinmu kan fara biyawa ta hannun wanzami, kafin a kai asibiti farar fatar da ciwon ke shimfiɗawa ta toshe numfashi, maganin karya dafinsa kuma ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya.

Ta ɓangaren dabbobi ma ƙofa a buɗe take. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara bayyana a Afirka ne a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a 2006, sai da aka kai samfuri Italiya aka tabbatar. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya kashe makiyaya a yankin Tawa na Nijar, bayan dabbobi sun yi ta ɓari. Ƙyandar biri ta dawo a Bayelsa a 2017 bayan kusan shekara arba'in. Likitan dabbobi a kasuwar Maigatari ko Illela na iya ganin annoba makonni kafin likitan mutane, muddin rahotonsa na da inda zai je. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da cibiyar CERMES ta Yamai suna da ƙwarewa; abin tambaya shi ne saurin da labari ke tsallaka iyaka idan aka kwatanta da saurin motar shanu.

Wa zai biya?

Korona ta zo ta tarar da ɗakunan gwaji da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Cikin shekara guda kusan kowace jiha ta samu nata, har na'urorin gwajin tarin fuka aka juya suka taimaka. Ƙorafin da ake yawan ji yanzu shi ne da dama sun koma zaman jiran sinadarai da man janareta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kasafinmu ya fi sakin kuɗi bayan an fara jana'iza.

A Abuja aka yi alkawarin 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya; na tarayya yakan tsaya a wajen kashi 5. Babban kaso na aikin sa ido, ɗaukar samfuri da horar da ma'aikata da tallafin waje ake yinsa, kuma a 2025 Amurka ta zaftare tallafinta ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Jihar da ba ta saka kuɗin man babur na jami'in sa ido a kasafinta ba, ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Akwai ma'aunin da masana suka fito da shi a 2021, Nijeriya na cikin masu gwada shi: a gano ɓullar cuta cikin kwana 7, a sanar da hukuma cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin wasu kwana 7. Amfaninsa shi ne yana nuna ainihin gaɓar da aka makara, ko a kemis ne, ko a hanya, ko a ofis. Majalisun jihohi na iya neman a riƙa kawo musu waɗannan alƙaluma bayan kowace annoba.

Har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince da ita, ko da yake an fara gwajin wata a Abuja a 2024, babu kuma gwajin gaggawa irin na maleriya da ya wadata a ƙananan asibitoci. Abin da ke hannu shi ne ƙa'idar da NCDC ke nanatawa: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta bayan 'yan kwanaki, a daina sauya masa magani, a sa safar hannu, a keɓe majinyacin, a sanar da jami'in ƙaramar hukuma ko a kira 6232, kyauta ne.